Rabon Awakin Iya

Daga Gwiwa har Babura ba a haifi mai riƙon tatsuniya kamata ba. Kaina ya fi kaset kama magana, haka nake gaya wa kowa, kuma shekara da shekaru ba wanda ya musa mini.

Tun ana sabon samun 'yancin kai, Iya, kakarmu ta wajen uba, ke tara mu bayan sallar isha'i a bakin murhu. Tana gasa gyaɗa a toka, ni na kwanta kan cinyarta don ni ne "mijinta", ƙanena Sale yana can gefe ya rungume gwiwa. Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta makiyaya biyu, Dogo da Gajere, da suka tashi raba maruƙa takwas. Suka jera su daga mai ƙiba zuwa ramamme, suka ce a ɗauka bi da bi, Dogo ne farko. Daidai nan Iya kan shafa kaina ta ce, "To maigida, ka ji dai?" In ce na ji. Gyaɗa ta yi daɗi, wuta ta yi ɗumi.

Iya ta rasu a shekarun da kuɗin man fetur ya sa kowa sayen rediyo. Tun tana da rai ta ba mu kyautar awaki takwas, ni da Sale, ta ce mu raba yadda tatsuniya ta ce. Ranar rabo na tara maƙwabta, na gyara babbar riga, na yi jawabin da ya kusa tsufar da awakin. Sannan muka ɗauka bi da bi, ni ne farko: ni, shi, ni, shi. Kowane zagaye tawa ta fi tasa. Daga ranar Sale ya daina shigowa gidana, har sallah ta wuce.

Da abin ya dame ni na same shi a Kazaure, inda yake koyarwa. A nan ya gaya mini cewa tatsuniyar tana da sauran rabi. Wai Gajere ya gane an cuce shi, suka yi faɗa, sai wata tsohuwa ta ce duk abin da aka yi a sake yin kishiyarsa: Dogo, Gajere, sai Gajere, Dogo. Waɗannan huɗun ma a juya su: Gajere, Dogo, Dogo, Gajere. Haka garken biyu suka zo daidai. Ya zana mini a ƙasa cewa in aka rubuta lambobi daga sifili zuwa bakwai, ana amfani da sifili da ɗaya kawai, aka ƙirga ɗayoyin kowace lamba, masu cika biyu-biyu na Dogo ne, masu saura na Gajere, kuma jerin Iya ne ke fitowa sak. Na ji kamar ƙasar ta tsage in shige.

Na mayar masa da awaki muka sake rabo. Yanzu nakan zauna in tuna cewa Iya ba maruƙa take raba mana ba. Ta san watarana babba zai tsaya gaban ƙarami da ikon fara zaɓe, tana so babban ya san yadda ake mayar da wannan ikon.

Duk da haka a lokacin na nemi kare kaina, na ce wa Sale ƙila Iya ba ta taɓa faɗin wannan rabin a gabana ba.

Ya ce, "Kullum tana faɗa, Yaya. Minsharinka ne ke sa mu matsa kusa da ita don mu ji."