Wurinta a Ƙarƙashin Taga

Tun ina kwaleji, ina karatun zama malamar firamare, na gama gina ajina a cikin kaina. In ka ji ina bayaninsa sai ka rantse na taɓa shiga. Bango fari tas, allo mai faɗi wanda alli ke kamawa, randa a lungu da moɗa a kanta, tabarma a baya don ranar tatsuniya, ga tagogi manya a ƙasa-ƙasa yadda ko ɗan aji ɗaya zai hangi sama yana zaune. Abin da na fi riƙewa kuwa shi ne tsarin zama. Ƙanana, da waɗanda ba su gani sosai, da masu ɗokin allo, su ne a gaba. Ƙawayena har sun gaji da ni. Su ce, "Ke dai bari a tura ki koyon aiki, ma ji labari." Ni kuwa in ce su tafi can da baƙin bakinsu.

Aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Zurmi, wajen Birnin Tsaba, a ƙarshen damina, dawa ta fi mutum tsawo. Innata a Ƙaura ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce inda ake kwashe mutane a gona, can zan tafi koyar da abacada? Baba ne ya ce in tafi, tunda ƙanwarsa na aure a garin, in zauna wurinta. Duk dajin da muka shiga sai direba ya kashe rediyo, motar ta yi tsit, kowa na motsa baki.

Makarantar ɗakuna biyu ce. Ƙofofinsu na kallon hanya, bayansu kuma gonar dawa ce har ta taɓo bango. Tagogin manya ne, a ƙasa-ƙasa, ba ko marfi ɗaya. Na ce a raina, to, ga rabin addu'ata ta karɓu. Da na shiga ajin sai raina ya ɓaci. Yara sun bar gaban allo fayau, sun jeru a gindin tagogi, kowane babba da ƙarami manne a gefensa, kowa da takalminsa a ƙafa. Na tafa hannu na ce ƙanana su dawo gaba. Ko wanda ya motsa.

Hedimasta, wani dattijo siriri ɗan garin, ya leƙo ya yafito ni waje.

"Malama, bar su yadda kika ishe su," ya ce. "Mu muka cire marafen nan da hannunmu. In an ji mashin da yawa, ba a bi ta ƙofa. Kowane babba ya san ƙaramin da zai ɗauka, su dira ta taga su shige dawa. Abokin gudu muke ce mai. Ke ma ki dubi tagar da za ki bi."

Na koma na tsaya gaban allo. Ranar ban san abin da na koyar ba.

A cikin ɗaliban akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara takwas ba, shan inna ya shanye mata ƙafar hagu. In za ta yi tafiya sai ta dafe gwiwa da hannu. Wurinta shi ne ƙarƙashin tagar ƙarshe, can baya, kusa da ɗiyar kawunta, wata ƙaƙƙarfar yarinya wadda ke goyo ta zuwa makaranta, ita ce kuma abokiyar gudunta. Kai, yarinyar nan akwai kai! Kafin in gama tambaya ta ɗaga hannu. Ga baki kamar na tsohuwa. Hasken taga na kashe mata ido, sai ta yi ta ƙanƙance shi tana leƙen allo, kullum kuma in an tashi sai ta tare ni da magana ɗaya.

"Malama, yaushe za ni zamna gaba?"

In ce, "In an samu lafiya."

"Jiya ma haka kika ce."

Hedimasta ya gaya mini da ƙyar uwarta ta yarda aka sa ta boko, sai da kawun ya yi alkawarin ɗiyarsa ba za ta taɓa barin ta a baya ba. Ya ce ranar da aka samu akasi, ko sau ɗaya ne, yarinyar ta bar makaranta ke nan. Daga ranar, duk safiya kafin in yi sallama sai na duba ƙarƙashin tagar nan, in na gan su su biyu sannan numfashina ya daidaita.

Wata safiya na duba na gan ta ita kaɗai. Ɗiyar kawun na kwance da zazzaɓi. Ita kuwa ta sulale ta jawo ƙafa tun daga gida, gwiwarta duk taɓo, wai don na ce ranar za a fito a yi rubutu a allo. Hedimasta ya dube ta, ya dube ni.

"Malama, yau ke ce abokiyar gudunta."

Na ce to. Na cire gyalena na ɗaure a ƙugu.

Hantsi ya ɗaga, ina tsakar rubutu, sai na ji ajin ya ɗauke wuta. Ni ban ji komai ba tukuna, su sun ji. Can sai ga shi, wani gurnani daga nesa, daga wajen hanyar Zurmi. Ba mashin ɗaya ba ne, ba biyu ba ne. Abin da har yau ke tayar mini da tsigar jiki shi ne ba yaron da ya yi ihu. Sai ƙarar takalma da dirar ƙafafu. Kafin in juyo ajin ya zama wayam, saura ita, ta ɗago mini hannuwa biyu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na saɓa ta a baya, na ja gyale na ɗaure, na haura tagar, zanena ya yage har cinya. Ganyen dawa na yankar fuskata, ƙasa ta jiƙe, takalmina ɗaya ya maƙale na bar shi. Ni da ko a filin wasa ban taɓa tsere ba. Ƙarar na ƙara matsowa. Na yi tuntuɓe da kunyar gona na zube a kan gwiwa, na yunƙura na kasa tashi. Na ji mashinan sun tsaya daidai makaranta.

Sai ta kawo bakinta kunnena, a hankali, ba ko kuka a muryarta.

"Malama, aje ni ki tahi. Inna ta ce in na yi nauyi in ce a aje ni."

Wallahi na ji tsoro a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na maganar nan ba. Na ce, "Rufe mini baki!" Na ƙara tamke gyalen har sai da ta yi ƙara. Muka kwanta rub da ciki tsakanin kunyoyi, tururuwa na bin wuyana, ina jin bugun zuciyarta a gadon bayana, ina karanto duk abin da ya zo bakina.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Muryar hedimasta ce ta fara zuwa, yana kira yana cewa a fito, lafiya lau, baƙi ne. Ban yarda ba. Na ce ƙila bindiga aka ɗora masa. Sai da ya ratso dawar da kansa ya same mu.

Malamanmu ne na kwaleji, masu zagayen duba ɗalibai a wurin koyon aiki. Garin ba layin waya, balle su sanar. Su ma tsoron hanyar ne ya sa suka ƙi zuwa ɗai-ɗai, suka jira juna a Zurmi, kowa ya hau mashin ɗin ɗan kabu-kabu, suka taho a jere don su ji ƙarfin zuciya. Wanda ya zo duba ni wani dattijo ne Kirista, ya daɗe a Ƙaura har Hausarsa ta koma irin tamu, mutumin kirki. Na same shi tsaye a ƙofar aji, ya cire hula yana kallon litattafai a warwatse. Ni da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, ranar na manta malamina ne.

"Haba Malam! A jere? A garin nan? Ku ba ku san yadda suke zuwa ba?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Mu ta kanmu muke yi, ba mu tuna ba." Idonsa ya cika da hawaye.

Garin duk ya watse cikin daji. Mutum ɗaya ce ta yo wajen makaranta da gudu, ba takalmi ba ɗankwali, ita ce uwar yarinyar. Ta kwance gyalena da hannunta, ta karɓi ɗiyarta ta goya, ta juya.

Washegari wurinta a ƙarƙashin tagar ba kowa. Ɗiyar kawun ta warke ta dawo, ita kaɗai. Na kasa haƙuri, da la'asar na tafi gidansu. Na tarar da uwar tana sussuka, yarinyar na zaune a gindin rumbu. Na durƙusa na gaishe ta, na yi magiya, na ce ai ba su ba ne, kuma ban aje ta ba, ko su ne ma ba zan aje ta ba.

Ta jingine taɓarya ta ce, "Na sani, Malama. Shi ya sa. In an kama ki saboda ita, mi zan ce ma uwarki? In kuma kin aje ta, ni mi zan ce ma kaina? Ni na koya mata maganar nan, kin san yadda na ji ran da na koya mata? Bar min ita nan inda nike ganinta."

Na miƙe zan fita, sai yarinyar ta kira ni.

"Malama, in an samu lahiya, gaba za ni zamna ko?"

Na ce, "Gaba, daf da allo."

Har na gama koyon aikin ba ta dawo ba, kuma ba yaron da ya yarda ya zauna wurinta.

Ajin nan na cikin kaina yana nan, sai dai ya rage kaya. Na daina damuwa da farin bango da randa. Yanzu in na rufe ido, takalma nake gani a zube a bakin ƙofa, yara sun cire sun shiga. Ita kuma tana gaba, ta dafe gwiwa tana rubutu a allo, mashina na wucewa a hanya, ko waiwayowa ba ta yi ba.