Tagar da Yaya Sanda Ya Ƙi Liƙewa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sanda makwancinsa a Argungu, Allah ya jiƙansa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai walda ne, kuma ƙarfen da yake aiki da shi ya fi shi saurin lanƙwasuwa.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya yi wa gida ƙarafan taga sai ya bar wa guda ƙaramar ƙofa mai sakata ta ciki. Da na gina gidana a Gwadangaji, tsoron ɓarayi ya sa na ce ya liƙe su duka. Ya cire baƙin gilashinsa ya dube ni. "Kai malamin boko, in wuta ta tashi bakin ƙohwa, ta ina ɗiyanka za su hita?" Na ce ya daina yi mini mugun fata. Ya ce to in nemi wani. Wata biyu ba ma ga maciji, sai da Inna ta tsawata mini na sakar masa aikin. Amma na riƙe shi a zuci har ya rasu.

Bara, wata Asabar da hantsi ina kasuwa, aka kawo lantarki da ƙarfi, falo ya kama da wuta. Matata da 'ya'yanmu uku suna uwar ɗaka, hayaƙi ya tare hanya. Ta wannan tagar mai sakata da Yaya ya bari a uwar ɗakan suka fita, ɗaya bayan ɗaya. An ce rigakafi ya fi magani, ni kuwa sai da na ga toka na yarda.

Yanzu ina gyaran gida, ina yawon neman mai walda. Da Yaya zai leƙo, da ya sha kallo. Kowa sai ya nuna maka hotunan ƙyamare a waya, ado kamar ɗakin amarya, ƙarfen kuwa ba kauri. Uku na gwada, duk abin da na ce sai su ce, "An gama, Alhaji." Ban ga laifinsu ba sosai, abinci ya yi wuya, mai musu da mai gida ba ya samun aiki. Sai dai ni yanzu wanda zai iya ce mini a'a nake nema.

Yaya bai bar mota ba, bai bar gona ba, shagonsa ma albasa ake jibgewa a ciki. Abin da ya bari su huɗun nan ne da suka fita ta tagar, kullum suna gabana muna cin tuwo. Ni kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa ce masa ya yi gaskiya ba.