Kifin da Baba Ya Mayar Teku

Mun fita daga gidanmu na unguwar Highbridge, nan Amurka, ana idar da sallar asuba, ranar wata Asabar a ƙarshen Oktoba. Mu uku ne: ni, da mahaifina, da maƙwabcinmu ɗan Zangon Kumasi mai tuƙa tasi. Sanyin safiyar irin mai shiga kunne ne, shi ya sa na naɗe Baba da riguna uku da hular ulu, har ya ce na mayar da shi jinjiri.

Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da mu. Baba Basarke ne, mutumin Yauri, ya yi shekara sama da arba'in yana su a kogin Kwara. Wata huɗu da suka wuce na kawo shi nan aka yi masa aikin yanar ido. An gyara na dama, saura na hagu, likita ya sa masa rana a Disamba. Sai dai zaman ɗaki ya gundure shi. Daga kujera sai taga, daga taga sai buzun salla. Abinci ma sai na yi ta lallashi. A makon nan ya kira ni ya ce in saya masa tikitin komawa gida, ido ɗaya ya ishe shi ganin hanyar masallaci. Na yi magiya har na gaji, bai sauya magana ba.

Maƙwabcina ne ya kawo shawara. Shi duk kaka ba ya wuce makonni biyu bai je teku ba, kuma ya ji labarin wata 'yar gasar kamun kifi da masu ƙananan jiragen ruwa suke shiryawa tsakaninsu a Brooklyn. Da na gaya wa Baba za mu je kamun bas, sai ya dube ni da idon nan mai kyau ya ce, "Bas kuma? Ba ga su nan suna wucewa ƙarƙashin taga ba?" Sai da na yi masa bayani cewa sunan wani kifi ne mai zane-zane a jiki, ba motar haya ba. Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Amma da na fito alwala da asubar, na tarar da shi zaune da takalmi a ƙafa.

Maƙwabcina ya ce ranar hutunsa ko sitiyarin keke ba zai taɓa ba, don haka jirgin ƙasa muka bi. Muka gangara tudun unguwarmu a hankali, muka hau mai lamba huɗu. Taragon cike yake da masu aikin safe, ma'aikatan jinya da fararen takalma, leburori da bokitan kayan aiki, kowa na gyangyaɗi. A tsakiyar Manhattan muka sauya jirgi. Da muka tsaya a Canal Street maƙwabcina ya nuna sama da yatsa ya ce a kan wannan titin ya yi shekara uku yana sayar da jakunkuna da agogo kafin ya sami lasin tuƙa tasi. Jim kaɗan jirgin ya fito daga rami ya hau gada, gari ya fara wayewa, ruwa ya bayyana a ƙarƙashinmu yana ɗaukar ido. Baba ya manna goshinsa da gilashi bai ɗago ba sai da muka sake nutsewa ƙasa.

Sheepshead Bay muka sauka. Unguwa ce ta bakin ruwa, ga gidajen cin kifi a jere, ga jirage an ɗaɗɗaure, ƙarnin kifi da warin man dizal sun gauraye. Ni na toshe hanci, Baba kuwa ya buɗe ƙirji ya shaƙa kamar an ba shi turare. Muka sayi kofi da wani burodi mai rami a tsakiya, mai tauri, wanda Baba ya gutsura sau ɗaya ya miƙo mini ya ce haƙoransa ba su yi masa laifin komai ba. Kuɗin shiga jirgin ruwan kuwa ban bari ya ji ba. Na san in ya juya shi zuwa naira a nan tafiyar za ta ƙare.

Jirgin namu bai ɗauki mutum goma ba. Akwai matuƙin, wani farin dattijo mai jan wuya, da mataimakinsa, da wasu 'yan'uwa biyu masu jin Sifaniyanci, da wata baƙar fata dattijuwa wadda ta yi ritaya daga tuƙin motar makaranta. Ita ce aka ce ta cinye gasar bara. Ta zo da sandar fatsarta a cikin kube kamar takobi. Kafin mu tashi mataimakin ya faɗi ƙa'ida, ni kuma ina fassara wa Baba: duk kifin da aka kama za a shimfiɗa shi a kan allon awo, a ɗauki hoto, wanda nasa ya fi tsawo cikin dukan jiragen shi ya ci. Na fassara komai ban da jimlar ƙarshe, wadda ta ce manyan kifaye sai an mayar da su ruwa. Na ce a raina idan mun isa wurin ma san yadda za mu yi.

Muna fita daga mashigin, teku ta fara nuna halinta. Ga wuraren wasan Coney Island can nesa ta hannun dama, ga rairayin Rockaway ta hagu, amma ni ban ji daɗin kallon ba. Jiri ya ɗebe ni, na durƙusa a gefe na mayar da kofin nan gaba ɗaya. Ni da na zo da jakar magungunan Baba, da kujerar naɗewa don kada ya gaji, ni ne na ƙare a kan kujerar. Shi kuwa yana tsaye ya ware ƙafafu, ko ƙarfe bai riƙe ba, jirgi na tangaɗi yana bin sa da gwiwoyi. Ya zaro guntun citta daga aljihu ya ce in tauna, in daina kallon ƙafafuna, in dubi inda ruwa ya haɗu da sama. Duk mai niyyar wannan tafiya ya riƙe wannan, kuma ya sha maganin jiri tun a gida, ba sai ya shiga ruwa ba.

Maƙwabcina ya yi mana karatun lokaci. Ya ce kifin nan matafiyi ne. In sanyi ya fara shigowa sai ya biyo gaɓa ya nufi kudu, yana bin garken ƙananan kifaye yana cika ciki, da bazara kuma ya dawo. Ya ce kada mutum ya ɓata ƙarfinsa lokacin da ruwa yake tsaye, sai yana cikowa ko yana janyewa kifin yake ci. Matuƙin yana da na'ura mai nuna abin da ke ƙarƙashin jirgi, yana ta dubawa. Baba bai san da ita ba. Can sai ya ɗaga hannu ya nuna wani wuri inda fararen tsuntsaye suke shawagi suna faɗawa ruwa. Matuƙin ya leƙo, ya dubi wurin, ya dubi Baba, ya yi dariya ya juya kan jirgi. Ashe wannan karatun ɗaya ne a Kwara da nan.

Abin da ya ɗaure wa Baba kai shi ne abin da ake jefa wa kifin. Ba tana, ba ɗan kifi, sai wani ƙarfe mai walƙiya kamar cokali da ƙugiya a gindi. A sake shi ya kai ƙasa, a naɗo da sauri, a sake saki. Ya juya shi a hannu ya ce kifin Amurka ma boko ya yi, ƙarfe yake ci. Da ya zo ɗaura shi, ya yi ta neman ramin da zare ya kasa. Zaren siriri ne kamar gashi, yana kai shi yana wucewa ta gefe. Sau biyar ina ƙirgawa. Na yunƙura zan tashi, sai dattijuwar nan ta riga ni, ta karɓa ta ɗaura. Shi kuma ya dubi ƙullin nata, ya kwance rabinsa, ya sake murɗawa irin nasu na gida, ya miƙa mata ta ja. Ta ja iya ƙarfinta bai motsa ba. Nan take ta miƙo masa nata ya ɗaura mata. Ba ta jin Hausa, ba ya jin Turanci, amma daga nan har la'asar kafaɗa da kafaɗa suka tsaya.

Kifi ya fara ci wajen hantsi. 'Yan'uwan nan suka ciro biyu ƙanana, maƙwabcina ya ciro ɗaya matsakaici wanda doka ta yarda a tafi da shi, ya yi ta rawa yana cewa, "Baba, yau Kumasi ya ci Yauri!" Dattijuwar ta ciro wani babba, aka auna, aka tafa mata. Lokacin da aka mayar da shi ruwa Baba yana can ɗaya gefen, bai gani ba. Na ce Allah ya rufa mini asiri.

Muna cikin cin wake da shinkafar da matar maƙwabcina ta ƙunso mana da yaji mai ƙarnin jatan lande, sai na ji zaren Baba yana kuka. Sandar ta lanƙwashe har bakinta na neman taɓa ruwa. Na manta da jiri na ruga zan karɓa. Ya ce, "Kai, matsa." Na matsa. Bai yi kokawa da kifin ba. In ya ja sai ya bar shi ya tafi, in ya tsaya sai ya naɗo kaɗan, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki. Kowa ya naɗe zarensa ya ba shi fili. Ban san minti nawa aka yi ba, ni dai na ga gumi yana ɗiga daga ƙarƙashin hular ulun. Da kifin ya taso, farin cikinsa ya haska, baƙin zanen nan ya fito layi-layi, sai jirgin ya ɗauki ihu. Mataimakin ya sa koma ya ɗago shi da hannu biyu. Tsawonsa ya kai daga ƙasa zuwa ƙugun Baba.

Aka auna, aka yi hoto, Baba yana dariya har ana ganin giɓinsa. Sai ya ce in ba shi wuƙa. A nan na fassara jimlar da na ɓoye.

"Mi kac ce?" in ji shi. "In sake shi? Wanga kifi da za ya ci da gida uku?"

Na ce doka ce, Baba, kuma in ba a sake shi da rai ba ba ya shiga gasar. Ya ce gasar ta ci kanta. Ya dafa kifin da tafin hannu, mataimakin na kallon agogo, don kifi ba ya jure daɗewa a waje. Dattijuwar ce ta durƙusa ta nuna cikin kifin, ta zagaya hannu a nata cikin, ta ce in gaya masa manyan nan kusan duk mata ne, su ne suke zuba ƙwai.

Baba ya dubi cikin kifin. Sai ya ce mini, a hankali, lokacin da yake yaro in sun kama giwan ruwa mai ƙwai kakana yakan sa a mayar da ita, har ya taɓa marinsa a kan haka. Ya ce daga baya aka zo da taru mai ƙananan idanu, kowa ya kwashe uwa da 'ya'ya, shi ma ya kwasa. Yanzu sai a yi shekara ba a ga babbar giwan ruwa a kasuwar Yauri ba.

Ya jiƙa hannuwansa, ya tallafi kifin a ƙarƙashin ciki, bai sa yatsa a kunnensa ba. Ya kwanta a kan gefen jirgin ta baya inda ya fi kusa da ruwa, ni da maƙwabcina muna riƙe da ɗamararsa. Bai jefa shi ba. Ya riƙe wutsiyar ya fuskantar da kan wajen da ruwa yake tahowa, ya jira. Can kifin ya kaɗa wutsiya da ƙarfi, ya watsa mana ruwan sanyi a fuska, ya nutse. Baba ya ce, "Je ki, ki gaida gida."

Da aka tattara sakamako a bakin gaɓa, wani daga wani jirgin ya fi Baba da abin da bai wuce faɗin babban yatsa ba. Shi ya tafi da sabuwar sanda, Baba ya zo na biyu aka ba shi hular hana salla mai hoton kifi. Dattijuwar ta zo ta uku, ta ce bana ta yarda, amma baɗi su haɗu. A hanyar dawowa, jirgin ƙasa na kan gada, Baba ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Yaushe maƙwabcinka yac ce kifayen suna dawowa?" Na ce da bazara. Ya ce to a gyara na hagun, ba za ya sake bari mace ta sa masa zare ba.

Mun iso Highbridge ana kiran magariba a wayoyinmu. Matar maƙwabcina ta gasa kifin mijinta ta aiko mana da rabi, Baba ya cinye nasa ya sa hannu a nawa. Abin da na koya a tafiyar nan ba a kan kifi ba ne kaɗai. Wata huɗu ina auna masa magani da awa, ina hana shi ɗaukar ko buta, ina ganin kulawa nake yi, ban taɓa tambayarsa ya koya mini wani abu ba. Wanda iyayensa suke wurinsa a ƙasar nan, ya bincika abin da hannunsu ya iya, ya kai su inda za su yi shi.

Ina wanke kwanoni na ji Baba ya kira ƙaninsa a Yauri, yana ba shi labari da ƙarfi. Kifin da na gani da idona ya tsaya a ƙugu, a wayar nan ya kai ƙirji. Na leƙo na ce, Baba, akwai hoto fa. Ya rufe wayar da hannu ya ce, "Kai da kak kwashe yini kana amai, mi kag gani?"