Ruwan Inabin Malam

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Tanimu. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, yau ma da na rubuta sai da hannuna ya yi nauyi. Ya rasu a watan Satumba, lokacin da inabi ke nuna, shi ya sa ba na buƙatar kalanda. Da zarar na leƙa bayan gidanmu a garin McLeansville na ga itacen inabin da ya dasa ya yi baƙi da 'ya'ya, na san shekara ta zagayo.

Malam direba ne. Da muka zo birnin Greensboro na ƙasar Turawa daga Zariya ya yi tasi, ya yi aikin sito a titin Wendover har bayansa ya ƙi. Daga baya ya samu 'yar ƙaramar bas, yana kai masu yawon buɗe ido gonakin inabi na kwarin Yadkin, yamma da mu. A can ake matse inabi a yi giya, kuma da kaka kowace gona takan yi bikinta. A yi kiɗa, a gasa nama, manya da furfurarsu su tuɓe takalmi su shiga ganga suna tattake inabi suna shewa. Malam ya kai su da hantsi, ya koma inuwa da butarsa da carbinsa, da yamma ya kwaso su.

Ni kam aikin nan ya tsaya mini a rai. In na shiga shagon kayan miya a titin Gate City, sai in ga kamar kowa ni yake nunawa. Na yi mita, na yi fushi, na sha ajiye masa tuwo ba ko sannu. Amsarsa ba ta canjawa: "Maman Safiya, ni mutane nake ɗauka, ba kwalba ba. In ban mayar da su gida ba, da kansu za su hau babban titi a buge, kuma 'ya'yanmu suna kan hanyar." Ya sha cewa in bi shi in ga wurin da idona. Ni kuwa in ce Allah ya kiyashe ni.

Sai shekarar da 'yarmu Safiya ta yi haihuwar fari. A ranar, wata tsohuwar Baturiya mai gona ta cika masa mota da inabi don taya murna. Malam ya ga dama ta samu da zai nuna wa jama'a cewa inabi ba giya kaɗai ake yi da shi ba. Ya matse, ya tace, ya zuba citta da kanumfari kamar mai haɗa zoɓo, ya cika jarkoki huɗu ya jera a gareji sai ranar suna. Mu da muka san kunun zaƙi ba ya kwana biyu lafiya, ban san me ya rufe mana ido ba. Kwana bakwai ruwan nan ya yi cikin zafin gareji.

Ranar suna, a gaban liman da dattawa, Malam ya murɗa murfin jarkar farko cike da alfahari. Murfin ya yi sama, kumfa ta biyo baya. Liman ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago a hankali ya ce, "Malam, wannan fa ya wuce lemo." Maza suka yi dariyarsu suka manta. Ta mata ce ta bi ni har wata shida. Da baƙi suka watse na same shi a gareji na ce, "To, ka kawo mana aikinka har cikin gida." Ya kwashi jarkokin ya tuttular a gindin shinge, ya zauna yana wanke su. Cikin duk maganganun da na yi a zamanmu, wannan ce take hana ni sukuni.

Da shekara ta dawo ya koyi tafasawa da rufewa a kwalba, ya dasa nasa itacen a gida, har liman ya riƙa aikowa a ba shi. Kowace kaka sai ya zuba a kofi ya ajiye a gabana, ni kuma in ture. Ba don ina shakkar halaccinsa ba, taurin kai ne kawai. Har ya koma ga Allah ban kurɓa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Matan da suka yi mini dariya su ne yanzu ke cika mota da kaka, su je tsinkar inabi, su jera cikin abaya suna ɗaukar hoto. Na san shi, murmushi kawai zai yi ya tambaye su ko direbansu ya iya kwanar dutsen da ke kan hanyar. Jikar da aka yi abin ranar sunanta ta kusa gama sakandare, in na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, amma labarin jarka ta haddace shi tsaf.

Bara Safiya ta matsa, na bi ta zuwa gonar inabin. Wurin ya fi yadda nake zato kyau, layin inabi har gindin tsauni, ga hayaniyar biki. Tsohuwar nan tana nan, tana dogara sanda. Da ta ji ko ni wace ce, ta kama hannuna ta ja ni bayan rumfar baƙi, ƙarƙashin wata babbar bishiya. Katakai ne shimfiɗe a ƙasa, suna kallon alƙibla. Ta ce mijinta ya kafa su don kada laima ta jiƙa wa Malam darduma, kuma har yau ba ta yarda a ajiye tebur a kai ba. Ta ce duk shekarun nan bai taɓa ɗaga kofinsu ba, bai kuma taɓa yamutsa wa kowa fuska ba. A nan na yi la'asar, ban san yadda na kai ƙarshenta ba don kuka.

Malam bai bar mana gidan sama a Zariya ba. Ya bar katakan nan a gonar mutanen da ba addininsu ɗaya ba, ya bar itace a bayan gida, da wata takarda da ya manna a bangon gareji, ya rubuta yadda ake haɗin da ajami. Jiya na tsinko, na tafasa, na bi takardar layi-layi. Citta ta yi yawa, shi dama hannunsa ba ya jin magana wurin citta. Na zuba a kofinsa na zauna a inda yake zama.

Malam, na sha. Ka yafe mini, Allah ya kai haske kabarinka.