Bokitin da na hana 'yata ɗauka

Da safen nan ina tsaka da sharar tsakar gida Hauwa'u ta miƙo mini waya. Malama Binta, malamarsu ta bayoloji, ta rasu jiya a Katsina bayan gajeriyar jinya. Na Allah ne mu, gare Shi muke komawa.

Ku da kuke bibiyata a nan kun san ni da faɗa kan tarbiyya. Yau kaina zan yi wa.

Bara Hauwa'u ta dawo daga makaranta ta ce Malama ta ce kowace ɗaliba ta kawo bokiti ɗaya na kashin awaki da toka da busasshen ganye, za su haƙa rami a bayan aji su haɗa taki. Ban tsaya tambaya ba. Na zura hijabi na tafi, na same ta a gaban ɗalibanta. Na ce ban sa 'yata boko don ta zama mai kwasar kashi ba. Na ce macen da ta san darajar kanta ba ta koya wa 'ya'yan mutane ƙazanta.

Ita kuwa kujera ta jawo mini.

Ta ce, "Maman Hauwa'u, ke ma fa kin yi sakandare. Gero daga rana yake samun ƙarfi, daga ƙasa yake jan abinci. Akuya ta ci kara, ke ki ci akuya. Rana kullum tana fitowa, ba ta jiran kowa. Amma abin da aka ɗebo daga ƙasa, in ba mu mayar mata ba, wa zai mayar?"

Na ce ban zo sauraron lacca ba, na fita. A gida na hana Hauwa'u kai bokitin.

Ba ta taɓa huce haushinta a kan 'yata ba. Da Hauwa'u ta kwanta zazzaɓi, ita ta biyo da zogale cikin leda, na lambun makaranta. Na karɓa, na dafa, muka ci. Na san a kan me ya tsiro. Ko godiya ban yi mata ba.

Abin da ya fi ba ni kunya, mahaifina a Gangara duk bayan girbi yakan roƙi makiyayan da suka tsallako daga Nijar su sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki. Da tuwon gonar nan aka raine ni. Na sani sarai. Girman kai ne kawai.

Watan jiya na hango ta a kasuwa wajen masu tumatir. Na juya baya kamar ina zaɓen albasa. Sai na ji an dafa ni.

"Hajiya, har yanzu kina ƙona sharar nan? Ki aiko mini mana, ramina yunwa yake ji."

Ta yi dariya. "Ki yi haƙuri" kaɗai ya rage in faɗa. Na ce rana ta yi, ina sauri.

A gaban mutane na ci mutuncinta, shi ya sa nake rubuta wannan a gaban mutane. Malama Binta ce take da gaskiya. Iyalanta, zan zo gaisuwa in faɗa da bakina.

Sharar yau ban ƙona ba, tana cikin bokiti. Ranar Litinin ni zan ɗauka zuwa ramin, ba Hauwa'u ba.

Ya Allah Ka gafarta mata, Ka haskaka kabarinta, Ka sa ilimin da ta shuka ya riƙa iske ta. Ku da kuka karanta, ku sa ta a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya sa ta yafe mini kafin ta tafi.