Keken Aro a Rumfar Sallau

Ga ta nan, ga ta nanku, mabiya wannan shafi.

Wanda ke kusa ya amsa mini: ta zo mu ji ta.

Wata rana sarkin wata kasuwa ya bi rumfa-rumfa yana sanarwa: gobe ma'aikatan gwamnati za su zo duba masu sana'ar hannu. Duk wanda aka ga yana da buƙata, za a ba shi kayan aiki kyauta.

A layin dukawa akwai wani dattijo, sunansa Sallau. Takalma yake ɗinkawa da jakunkunan fata.

Kekensa na ɗinki ya mutu tun damina biyu da suka wuce. Tun daga lokacin da hannu yake ɗinki, da basilla. Takalmin da keke ke gamawa kafin shayi ya huce, shi sai ya kai azahar a kansa. Ido ya fara hazo, yatsu sun fara rawa, masu kawo aiki suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Har ya riga ya gaya wa mai ɗakinsa, in Babbar Sallah ta wuce babu keke, zai rufe rumfar da ya gada wajen mahaifinsa.

Ka ga kuwa sanarwar nan kamar don shi aka yi ta.

Amma abu guda ne ya shiga kunnen Sallau: gobe akwai baƙi.

Shi kuwa a gidan da ya tashi, baƙo ba ya ganin rashin mai gida. Ko da tukunya ɗaya ta rage, a wanke ta a ajiye inda ido zai gani.

Sai ya nufi rumfar Mati, taubashinsa, wanda shi ma baduku ne a ƙarshen layin.

"Kai bawana, ara mini kekenka zuwa gobe da la'asar."

"Ji mini tsoho! Kai da ka manta yadda ake taka shi?"

"Manya za su zo. So kake su tarar da rumfata kamar an yi gobara?"

Mati ya yi dariya har da tari, sannan ya naɗe hannun riga suka ciccibi keken tare.

Washegari Sallau ya share, ya yayyafa ruwa, ya aro benci da sabuwar tabarma, ya saka rigarsa ta Juma'a. Ya sayo lemo mai sanyi da goro fari.

Da hantsi sai ga wata ma'aikaciya, Malama Asabe, da tarin fom a hannu. Ta gaishe shi da ladabi, ta dubi keke yana ƙyalli, ta dubi benci.

"Baba, yaya sana'a?"

"Alhamdulillahi."

"Akwai abin da ka rasa na aiki?"

"Sai godiya, 'yata."

"Baba, ka tabbata?"

"Muna cikin rufin asiri. Sha lemo."

Ta yi ɗan rubutu, ta yi godiya, ta wuce. Sallau ya zauna yana murmushi, don a ganinsa an fita kunya.

Da ta isa rumfar Mati, ba ta tarar da komai ba sai shaidar ƙafafun keke huɗu a ƙasa da tabon baƙin mai.

"Baba, ina kekenka?"

Mati ya saci kallon rumfar Sallau. In ya faɗi inda keken yake, ya tona asirin ɗan'uwansa a gaban baƙuwa. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ga shi dai yadda kika gani, 'yata."

Ta girgiza kai cikin tausayi, ta yi rubutu mai tsawo.

Bayan mako uku sai ga motar a-kori-kura ta shigo kasuwa, cike da kaya cikin kwalaye. Sallau ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara hula.

Mota ta zo daidai rumfarsa.

Ta wuce.

A ƙofar Mati ta tsaya. Aka sauke masa sabon keke fil, aka ajiye kusa da tsohonsa da ya daɗe da dawowa.

Sallau ya tsaya kamar an dasa shi. Ya shiga lissafi a ransa. Shin lemon ne bai yi sanyi ba? Ko goron ne ya yi kaɗan? Ko kuwa gwamnati, kamar ruwan sama, inda ke da kogi take zuba?

Shi ma Mati bai fi shi ganewa ba. Yana ta zagaya kekuna biyu yana cewa, "Ni ƙafafuna biyu ne, amma ai ba a taka biyu lokaci guda."

Ya ce Sallau ya ɗauki sabon. Sarkin kasuwa ya ce a'a, akwai lamba a jikinsa da sunan Mati a takarda. In aka zo dubawa aka gan shi a wata rumfa, za a ce sayarwa aka yi, a ƙwace.

Haka tsofaffin nan biyu suka hau babur ɗaya, sai sakatariyar ƙaramar hukuma.

Malama Asabe ta saurare su har ƙarshe, baki buɗe. Ta dafe goshi.

"Baba, sau nawa na tambaye ka abin da ka rasa?"

"Sau biyu."

"Me ka ce?"

"Na ce sai godiya."

"To me zan rubuta?"

"'Yata, a gidanmu ba a ce wa baƙo babu."

"Baba, ni ba baƙuwarka ba ce. 'Yar aikenka ce. Harajin rumfa da kake biya shekara da shekaru, a ciki ake ba ni albashi, a ciki aka sayo keken nan."

Shekara arba'in Sallau yana karɓar rasit, bai taɓa tunanin kuɗin suna da hanyar dawowa ba.

Ta ciro sabon fom. Ta ce ana iya gyarawa tunda mai keken da kansa ya zo, amma sai Sallau ya faɗi buƙatarsa da bakinsa, ya dangwala yatsa.

"Baba, kana da keken ɗinki?"

Sallau ya buɗe baki. "Alhamdu..."

Mati ya taka masa ƙafa. "Gode wa Allah, sannan ka amsa tambaya, tsohon kawai!"

Sallau ya dubi fanka. Ya dubi ƙofa, ko akwai mai ji. Can ya yi ƙasa da murya, kamar mai faɗin laifi.

"Ba ni da shi."

Ta rubuta. Ya dangwala.

Ranar da aka kai sabon keken rumfar Sallau, ya daɗe yana shafa shi bai taka ba. Sai ya juyo.

"Mati, don Allah gaya mini gaskiya. Roƙo na yi, ko nawa na karɓa?"

"Ɗinka mini takalmi kyauta, sai in gaya maka."

Sallau ya zauna, ya yi bismillah, ya ɗora ƙafa. Rumfar ba ta rufu ba.

Darasi: Kunya ado ce, godiya kuma ibada ce. Amma wanda aka aiko ya rubuta buƙatarka ba zai iya rubuta abin da ka ɓoye ba. Faɗin "ba ni da shi" a inda ya dace ba zubar da mutunci ba ne. Ku kuma ma'aikata, in dattijo ya ce muku "sai godiya", kada ku yi saurin rufe fom. Ku zauna, ku sake tambaya.

Ku tura wa duk mai iyaye ko kakanni irin Sallau, kafin masu fom su iso layinsu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na ajiye ta a nan.