Rumfata da Majalisar Habasha

Ni ne sakaran wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin mutanen unguwarmu Maamobi su riga ni.

Aji huɗu na yi a boko, sauran ilimina a rediyo na tsince shi, don gyaransa nake yi a wata rumfa bakin babbar gwata tun ina da haƙora. Bara kwamitin unguwa, mutum bakwai da muka zaɓa su taya sarkinmu aiki, suka ce za a rushe rumfar a faɗaɗa hanyar ruwa. Shagon ƙanin sarki, da ya fi rumfata cin gwatar, ba wanda ya gan shi.

Aka kira ni fada bayan la'asar in faɗi uzurina. Matata ta ce in durƙusa, in roƙi wata uku, in kama bakina. Na ce to. Amma da na ga bakwai ɗin nan jere a benci, kowa na satar kallon fuskar sarki kafin ya yi tari, sai malamin da ke cikina ya miƙe.

Na gyara hula na ba su tarihi. Na ce a Habasha, zamanin sarkin sarakuna, majalisa biyu ce: ta sama shi ke naɗawa, ta ƙasa talakawa ke zaɓa. 'Yan ta ƙasa su yi ta surutu har maƙogwaro ya bushe, doka ba ta zama doka sai ya sa hannu, in ya ga dama ya sallame su. Na ce su aƙalla suna surutun, namu kuwa ko wannan sun kasa. Na ce shugaban kwamitin kansa makunnin rediyo ne, sai inda aka murɗa shi. Har na fara jin daɗin muryata.

Shugaban ya ce wata ukun da suka shirya ba ni sun koma kwana bakwai.

Na buga sanda a ƙasa, na tambayi jama'a wane marar hankali ne ya zaɓo mana waɗannan.

To, zaɓenmu na layi ne: rana tsaka kowa ya tsaya bayan wanda yake so, sarki na zaune yana kallo. Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ita ce ta ƙirga mutane ranar. Daga cikin mata ta amsa, ko tashi ba ta yi ba.

"Baba mai rediyo, ai bayan makunnin nan ka tsaya, kai ne na farko a layi. Har lema ka riƙe masa."